Kantunan Manhajojin Waya: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Duk wanda ya taɓa zaman kasuwa ya san aikin sarkin kasuwa daban, na dillali daban, na mai gadi daban, na mai rumfa kuma daban. Ranar da mutum ɗaya ya haɗa duka huɗun a hannunsa, shi ke raba rumfuna, shi ke yanka la'ada, makullin ƙofa na aljihunsa, sannan ga tasa rumfar a bakin hanya yana sayar da irin hajar maƙwabtansa, to duk wanda ke cin abinci a kasuwar nan da alfarmarsa yake ci.

Haka kasuwar manhajojin waya take tun 2008, shekarar da Apple ya buɗe App Store, Google kuma ya buɗe Android Market, wanda ya koma Google Play a 2012. La'adar da suka tsayar ita ce kashi 30 cikin 100 na abin da aka saya a cikin manhaja, muddin ba kayan da ake taɓawa da hannu ba ne: wasa, kiɗa, darasi, kuɗin rajistar wata-wata. Sai a 2021, da ƙorafi ya yi yawa, suka rage wa ƙananan masu haɗa manhaja zuwa kashi 15. A wayar iPhone kuwa, shekaru goma sha biyar da ɗoriya babu wata halattacciyar ƙofa ga jama'a sai ta Apple.

Kotuna da majalisu a Amurka, Turai, Koriya ta Kudu, Indiya da Japan sun daɗe suna kokawa da wannan al'amari. An ga dabarar da ta yi aiki, an ga wadda kamfanonin suka zagaye cikin mako guda. Mu da muka zo daga baya ba mu da uzurin faɗawa ramin da muka ga wasu sun faɗa. Maganata ɗaya ce: a buɗe ƙofofi, a ƙara masu gadi. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya ya cuci jama'a.

GA MASU YIN DOKA DA HUKUMOMIN KULA DA GASA

Abin da za ku yi

1. Ku ɗora dokar a kan wanda ƙarfi ke hannunsa. Dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai ba ta bi kowane ƙaramin kamfani da sanda ba. Ta ware waɗanda ta kira masu tsaron ƙofa, wato masu aƙalla mutum miliyan 45 da ke amfani da su duk wata a ƙasashen Tarayyar. A Satumbar 2023 aka ambaci kamfanoni shida: Alphabet mai Google, Amazon, Apple, ByteDance, Meta da Microsoft, aka ba su zuwa Maris na 2024 su gyara. Ku yi haka. Dokar da za ta nemi takardu iri ɗaya daga Google da kuma yaron da ke haɗa manhaja a ɗakin mahaifinsa, yaron za ta kashe, Google ko a jikinsa.

2. Ku raba kanti da hanyar biyan kuɗi. Mai manhaja yana da haƙƙin ya gaya wa abokin cinikinsa cewa akwai inda zai biya da rahusa. Shekara da shekaru dokokin Apple sun hana wannan: a lokacin kamfanin kiɗa na Spotify ba ya iya rubuta wa masu iPhone farashin da ke shafinsa na intanet a cikin manhajarsa, balle ya nuna musu hanyar zuwa can. A kan haka Tarayyar Turai ta ci tarar Apple sama da yuro biliyan 1.8 a Maris na 2024, ta sake cin sa yuro miliyan 500 a Afrilun 2025. A wurinmu abin ya wuce maganar rahusa. Lokacin da bankunan Najeriya suka rage, wasu suka dakatar da amfani da katin naira a shafukan waje a 2022, mutane da yawa sun ga abin da suke so su saya, kuɗin na hannunsu, amma babu hanyar biya. Ku wajabta a karɓi abin da mutanenku ke biya da shi: tura kuɗi daga banki, lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya, da asusun kuɗi na waya.

3. Ku nemi takardun cikin gida, kada ku tsaya kan abin da aka buga wa duniya. Abin da ya kayar da Google a shari'arsa da kamfanin wasanni na Epic, a birnin San Francisco a Disambar 2023, shi ne abin da aka tono daga ma'ajiyarsa. An gano yarjejeniyar sirri da ta bar Spotify ba ya biyan ko sisi idan mutum ya biya ta hanyarsa, kashi 4 kacal kuma idan ya biya ta hanyar Google. An gano yarjejeniyar dala miliyan 360 da kamfanin wasanni na Activision Blizzard. Alƙali ya kuma tsawata wa Google a kan barin hirarrakin ma'aikatansa suna gogewa alhali ana cikin shari'a. Masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa Google Play babakere ne da ya saɓa doka. Hukumar da ba ta da ikon cewa a kawo mata littafin ciniki ba za ta taɓa sanin farashin gaskiya ba.

4. Ku sa tara mai zafi. A 2022 hukumar gasa ta ƙasar Holan ta riƙa cin Apple yuro miliyan 5 duk mako a kan manhajojin neman abokin zama, har kuɗin ya kai ƙurewar da hukumar ta tsayar, yuro miliyan 50. Kamfanin ya bar makonni goma suka cika yana jan ƙafa, domin kuɗin bai kai ya hana shi barci ba. Dokar Turai ta gyara wannan da cewa tara na iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya, kashi 20 idan ya maimaita. Ku ɗaure tara da girman mai laifi.

5. Ku samar da inda wanda aka kora zai kai kuka. A Maris na 2024 Google ya cire manhajojin wasu kamfanonin Indiya daga kantinsa a kan rigimar la'ada, ciki har da na haɗa aure da na neman aiki. An mayar da su cikin 'yan kwanaki saboda gwamnatin ƙasar ta sa baki. Su manya ne, suna da waɗanda za su kira. Wanda ba shi da kowa fa? Ku tilasta a ba da sanarwa kafin cirewa, a faɗi dalili a rubuce, a kuma tsayar da wa'adin sauraron ƙara a gaban wanda ba ma'aikacin kantin ba.

6. Ku haɗa kai da maƙwabta. Hukumar kare masu saye da kula da gasa ta Najeriya, FCCPC, ta nuna tana iya tunkarar manya lokacin da ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024. Amma ƙasa ɗaya ana iya yi mata barazanar tattara kaya a tafi. Abin da ya ba Turai baki shi ne ƙasashe 27 sun yi magana da murya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ba za ku yi ba

1. Kada ku karɓi biyayyar takarda. Wannan shi ne babban darasi, a nan kusan kowa ya sha ƙasa. A Agustan 2021 majalisar Koriya ta Kudu ta zama ta farko a duniya da ta haramta tilasta wa masu manhaja hanyar biyan kuɗi ta kanti. Kamfanonin suka ce sun ji, sun bi. Sai dai wanda ya zaɓi wata hanya zai ci gaba da biyan su kashi 26. A Holan Apple ya ce kashi 27. Ku lissafa: kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta kati na cajin wajen kashi 3, idan aka haɗa an koma 30, ga ƙarin wahala. An gudu ba a tsira ba. A Amurka ma, bayan alƙaliya Yvonne Gonzalez Rogers ta umarci Apple a 2021 ya bar masu manhaja su nuna wa mutane hanyar biya a waje, kamfanin ya ɗora kashi 27 a kan wannan hanya a farkon 2024. A Afrilun 2025 alƙaliyar ta yanke cewa da gangan ya take umarninta, ta kuma ce wani babban jami'insa ya yi ƙarya bayan rantsuwa. Shekaru kusan huɗu suka tafi tsakanin umarni da tilastawa. Saboda haka ku rubuta a cikin doka cewa da sakamako za a auna biyayya: masu manhaja nawa suka iya amfani da sabuwar hanya, nawa mai saye ya biya jiya, nawa yake biya yau.

2. Kada ku bari a buɗe ƙofa a zuba ƙaya a bakinta. Da dokar Turai ta tilasta wa Apple ya bar wasu kantuna su shiga iPhone a Maris na 2024, sai ya fito da sabon caji ga wanda ya karɓi sababbin sharuɗɗan: rabin yuro a kan kowane mutum da ya saka manhaja a shekara, bayan miliyan ɗaya na farko. Manhajar da mutum miliyan 3 suka saka za ta biya yuro miliyan ɗaya a shekara, ko da cinikinta bai kai haka ba. Wanda zai buɗe kanti kuma aka nemi ya kawo takardar lamuni ta banki ta yuro miliyan ɗaya. Daga baya an sassauta wasu sharuɗɗan, bayan an yi ca a kansu. Ku duba kowane sabon caji da idon mai tambaya: aikin me aka yi aka cancanci wannan kuɗi?

3. Kada ku ɗauka yawan kantuna shi ne gasa. A ƙasar Sin babu Google Play, kantuna kuwa birjik: na Huawei, na Xiaomi, na Oppo, na Vivo, na Tencent. Duk da haka masu wasanni sun daɗe suna biyan wasunsu har rabin abin da suka samu, domin kowane mai ƙera waya ya zama sarkin tasa ƙaramar kasuwar. Gasa tana nan ne idan mutum zai iya barin wannan ya koma wancan ba tare da ya yi asarar kayansa ko abokan cinikinsa ba.

4. Kada ku yi wasa da maganar tsaro don kawai kamfanoni na fakewa da ita. Gaskiya ce suna fakewa, gaskiya ce kuma haɗarin na nan. Mun gani da idonmu a manhajojin ba da bashi, waɗanda ke kwashe lambobin da ke wayar mutum, idan ya makara kwana biyu su tura wa surukansa da maigidansa saƙon cewa ɓarawo ne. FCCPC ta fara dirar musu a 2022, ta sa aka cire da dama daga Google Play. A 2023 Google ya fara neman shaidar amincewar hukumar kafin ya karɓi irin waɗannan manhajoji a Najeriya, ya kuma hana su taɓa lambobin waya da hotuna. Me wasunsu suka yi? Suka koma rarraba manhajar ta bayan fage, ta saƙon waya da shafukan intanet. Don haka duk kantin da za a ba izini, babba ko ƙarami, a ɗora masa nauyi iri ɗaya: ya san wanda ya kawo haja, ya bincika ta, ya cire ta idan ta cutar, ya amsa kira idan hukuma ta neme shi.

5. Kada ku mayar da dokar kanti takunkumin baki. Ƙofa ɗaya tana da daɗin kullewa ga mai mulki. A 2017 Apple ya cire manhajojin zagaye shingen intanet daga kantinsa na Sin. A Satumbar 2021, ranar da aka fara zaɓen majalisar Rasha, Apple da Google suka cire manhajar magoya bayan ɗan adawa Alexei Navalny bisa matsin gwamnati. A Afrilun 2024 aka cire WhatsApp da Threads daga kantin Apple na Sin. Idan za a cire manhaja da umarnin gwamnati, kotu ta ba da umarnin, a bayyane, a kuma bar hanyar ɗaukaka ƙara.

6. Kada ku kwafo dokar Turai harafi da harafi. Rigimarsu yawanci a kan iPhone take. A hannun mutanenmu Android ce ta fi yawa, Tecno da Infinix da itel, masu zuwa da nasu kantin na Palmstore a ciki. Ciwon da ke damun mai irin wannan waya shi ne manhajojin da ya tarar an cusa masa kuma ba sa goguwa, tallan da ke faɗo masa ba sallama, da datar da ke ƙarewa bai san inda ta tafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku fara da nan.

GA MASU KANTUNAN, MANYA DA ƘANANA

Abin da za ku yi

1. Ku karɓi ladan aikinku. Babu mai hankalin da zai ce ku yi kyauta. Kuna bincika manhajoji, kuna ɗaukar nauyin saukar da su ga biliyoyin wayoyi, kuna mayar wa wanda aka zalunta kuɗinsa. Ku fayyace kowane aiki da farashinsa, wanda ya ɗauki biyu ya biya na biyu.

2. Ku auna wa kowa da mudu ɗaya. Rahusar da aka yi wa babba a ɗaki, a rubuta ta a bango, duk wanda ya cika sharuɗɗa ya samu.

3. Ku faɗi laifi da sunansa. Wanda kuka ƙi karɓar manhajarsa, ku nuna masa dokar da ya taka da wurin da ya taka ta, mutum mai rai ya amsa masa idan ya nemi bayani.

4. Ku ɗauki masu jin harsunan mutanen da kuke cin kasuwarsu. Damfarar da aka rubuta da Hausa, wanda ke jin Hausa ne zai gane ta.

Abin da ba za ku yi ba

1. Kada ku zama alƙali a shari'ar da kuke da rabo. Kada ku tura taku manhajar sama a jerin bincike, kada ku leƙa cinikin mai rumfa sannan ku fito da irin hajarsa.

2. Kada ku tsorata mutane da gargaɗin da ya wuce haɗarin. Alƙaliyar Amurka ta kama Apple da tsara allon gargaɗi musamman don mai waya ya ja da baya. Gargaɗi amana ne. Idan kuka ɓata shi wajen kare la'ada, ranar da kura ta zo da gaske babu mai waiwayowa.

3. Kada ku hukunta wanda ya soke ku. A Maris na 2024 Apple ya rufe asusun da Epic zai buɗe kantinsa na Turai da shi, yana kafa hujja har da kalaman shugaban Epic. Da hukumomin Turai suka fara tambaya, cikin kwana biyu aka buɗe. Kowane ƙaramin mai manhaja ya ga wannan, ya kuma koyi yin shiru.

4. Kada ku gurgunta intanet don kanti ya ci gaba da ci. Manhajar da ke aiki kai tsaye daga shafin intanet ita ce hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramar waya da ƙaramin jari. A farkon 2024 Apple ya sanar zai daina barin irinta a fuskar iPhone a Turai, sai da aka yi masa caa ya janye.

5. Kada ku mayar da tantancewa sabon shinge. A Agustan 2025 Google ya sanar cewa zai buƙaci duk mai haɗa manhaja ya tabbatar masa da ko shi wane ne, ko da ba ta Google Play zai rarraba ba, a fara da Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan a 2026. Masu kantin F-Droid, da ke rarraba manhajoji na kyauta tun 2010, sun ce hakan na iya kashe su. Sanin mai haja abu ne mai kyau. Amma idan kamfani ɗaya ne ke riƙe da rajistar, an dawo gidan jiya.

GA MAI HAƊA MANHAJA

Abin da za ka yi

1. Ka karanta sharuɗɗan kafin ka biya kuɗin rajista, dala 25 sau ɗaya a Google, dala 99 duk shekara a Apple. Yarjejeniya ce, da ita za a kama ka.

2. Ka buɗe wa kanka ƙofa fiye da ɗaya. Bayan Google Play akwai Palmstore, akwai Galaxy Store na Samsung, akwai AppGallery na Huawei, akwai naka shafin. Ka tuna yadda sababbin wayoyin Huawei suka rasa Google Play bayan takunkumin Amurka na 2019. Wanda ya dogara da ƙofa ɗaya, ranar da aka kulle ta a waje zai kwana.

3. Ka tsare makullin sa hannu na manhajarka kamar takardar gidanka. Da shi waya ke gane cewa sabuntawa daga gare ka take. Idan ya faɗa hannun ɓarawo, da sunanka zai yi sata.

4. Ka yi lissafi kafin ka bar hanyar biyan kuɗi ta kanti. Cajin kamfanin kati, haraji, mayar da kuɗi, amsa ƙorafi da tsakar dare, duk kanka za su dawo.

5. Ka rage nauyin manhajarka. Mutumin da kake nema data yake saya ta kwana ɗaya, wayarsa kuma ta cika.

6. Ku yi ƙungiya. Hukuma ba ta jin mutum ɗaya.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka kwaikwayi Epic ba ka da aljihun Epic. A Agustan 2020 ya karya dokar kanti da gangan, aka cire wasansa na Fortnite a ranar, bai koma kantin Apple na Amurka ba sai Mayun 2025. Shi ya iya ɗaukar shekaru kusan biyar yana biyan lauyoyi. Kai wata biyar zai rufe ka. Ka kai ƙara ta hanyarta.

2. Kada ka nemi izinin da aikinka ba ya buƙata. Manhajar lokutan salla ba ta da hulɗa da hotunan mutum, ta lissafi ba ta da hulɗa da saƙonninsa. Bayanan mutane amana ne, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare su.

3. Kada ka haɗiye rangwamen kai kaɗai. Idan an rage maka la'ada farashi bai motsa ba, ka ba masu kanti hujjar cewa dama faɗan na 'yan kasuwa ne, babu ruwan talaka.

4. Kada ka sayi yabon ƙarya da taurarin bogi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

5. Kada ka saki manhaja a wajen kanti ka manta da ita. Wanda ya saka ta daga shafinka, kai ne za ka kai masa gyara duk lokacin da aka gano ɓaraka.

GA MAI WAYA

Abin da za ka yi

1. Ka tambayi asalin kowace manhaja kafin ka saka ta: wa ya haɗa ta, daga ina ta fito. Ta banki, ka bi ta shafin bankin ko ka je reshe a nuna maka.

2. Ka karanta abin da take neman izini a kai. Idan abin da ta nema bai dace da aikinta ba, ka hana, ko ka goge ta.

3. Ka bar mai gadin Google, wato Play Protect, a kunne. Idan ka ba wata manhaja izinin saka abu daga waje, ka janye izinin da zarar ka gama.

4. Ka leƙa shafin kamfani kafin ka biya a cikin manhaja. Sau da yawa farashin can ya fi sauƙi.

5. Ka kai ƙara idan an cuce ka, ga kantin da kuma hukuma. Shirunka ne jarin macuci.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka saka manhajar da ta zo maka ta saƙo, ko da daga lambar ɗan'uwanka ne, musamman mai alkawarin tallafi, kyautar data ko aikin gwamnati. Wataƙila shi ma an riga an shiga wayarsa.

2. Kada ka karɓi manhajar banki ko ta ajiyar kuɗi ta Xender. Tura wa juna manhaja dabara ce ta mai tattalin data, babu laifi a ƙamus ko wasan yara daga wanda ka sani. Abin da ya shafi kuɗi kuwa, daga tushe kawai.

3. Kada ka yi amfani da WhatsApp na jabu irin su GBWhatsApp don kwaɗayin ɓoye shiga da fita. Ba ka san wanda ya taɓa shi ba, kamfanin kuma na rufe lambobin masu amfani da shi. Haka manhajar kuɗi da aka fasa aka ce kyauta ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

4. Kada ka miƙa wayarka a buɗe ga masu tura fina-finai da manhajoji ka tafi cefane. Yawancinsu masu neman halak ne, amma su ma ba su san abin da ke cikin kowane fayil ba. Ka tsaya a kai, ka ga abin da aka saka.

5. Kada ka karɓi bashi daga manhajar da ta nemi lambobin wayarka. Mutuncinka take karɓa jingina.

6. Kada ka ɗauka duk abin da ke cikin babban kanti tsarkakakke ne. A 2015 gurɓatattun manhajoji sun shige App Store ta hanyar jabun kayan aikin da wasu masu haɗa manhaja a Sin suka yi amfani da su ba da saninsu ba. Manhajojin bashin da suka tozarta mutane ma, da yawansu a Google Play aka same su.

Wayar nan da ke hannunka da guminka ka saya. A cikinta kuɗinka yake, da karatun 'ya'yanka, da sirrin gidanka. Kana da haƙƙin ka zaɓi kasuwar da za ka shiga, kana da haƙƙin ka tarar da mai gadi a duk wadda ka zaɓa. Duk wanda ya ce sai ka bar ɗaya kafin ka samu ɗaya, ɗan majalisa ne ko kamfani, ka tambaye shi aljihun wa yake karewa.